Maigidana ya ce girkina bai kai na wata tsohuwar Yukiren ba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Unguwar Rimi a nan Kaduna, shekararmu ɗaya da wata biyar da aure. Maigidana ya yi karatu a birnin Karkif na ƙasar Yukiren, yaƙin 2022 ne ya dawo da shi gida. Tun muna cin amarci yake ba ni labarin wani abinci wai shi girecka, wanda tsohuwar da ya yi haya a gidanta take haɗa masa da makaroni da albasa. Watan jiya wani abokinsa ya kawo masa leda biyu tsaraba. Anti, sau uku ina dafawa. Na farko ya caɓe ya koma kamar fate. Na biyu ya kama a ƙasa, sama kuma bai dahu ba. Na uku ya ci cokali biyu ya ture, ya ce "ba haka babushka take yi ba." A gaban ƙanwarsa ya faɗa, ita kuwa har da riƙe ciki don dariya, kafin washegari labari ya kai gidan surukaina. Ni da ake yabon tuwona da miyar taushe tun ina gidanmu! Yanzu leda ɗaya ta rage, tsoron taɓa ta nake yi. Wani lokaci har zuciyata takan raya mini, anya tsohuwa ce kuwa? Ki taimaka mini da yadda ake dafa shi, da kuma yadda zan yi da abin da ke raina.

Wa alaikumus salam, 'yata.

Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi sukar ki, sannan mu shiga kicin. Babushka a bakin Rashawa kaka ke nan, kuma haka suke kiran kowace tsohuwa, kamar yadda mu za mu ce Iya ko Gwaggo. Namijin da yake da wata a zuciya ba ya yawan ambaton girkinta a gaban matarsa da ƙanwarsa, ɓoyewa yake yi. Abin da na gani a wasiƙarki shi ne mutumin da aka tayar daga inda ya saba cikin dare ɗaya. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 aka fara yaƙin nan, kuma Karkif na cikin biranen da suka fara shan ruwan wuta, don tana dab da iyakar Rasha. Ɗalibanmu da yawa da jaka ɗaya suka fito, ba sallama, ba waiwaye. Wanda ya bar wuri a haka, ƙamshin abinci ne abin da ya fi saurin mayar da shi can. Saboda haka ki ajiye zancen kishiya a gefe. Kewa ce ke damun mijinki, sai dai ya fitar da ita ta hanyar da ba ta dace ba, kuma zan dawo kan wannan, don ban wanke shi ba.

Yanzu ki ɗauko ledar nan da ta rage, ki zuba kaɗan a tafin hannunki ki duba. Za ki ga ƙwayar mai kusurwa uku ce, kamar ɗan ƙaramin dala. Turawa suna ce da ita bakwit, kuma wutsiyar sunan nan tana nufin alkama, shi ya sa mutane ke ruɗewa, amma ba ta haɗa komai da alkama ba. Gero da dawa da shinkafa da alkama duk dangin ciyawa ne masu zangarniya. Ita kuwa wannan irin wani tsiro ne mai faɗin ganye da fararen furanni da zuma ke so, yana nuna cikin mako 10 zuwa 12, ko ƙasar ba ta da ƙarfi. Asalinsa kudu maso yammacin ƙasar Sin ne, yau kuma Rasha da Sin ne suka fi kowa noma shi. Mutanen Japan suna yin taliyarsu mai suna soba da garinsa, mutanen yankin Biritani na Faransa suna yin wani abu kamar wainar fulawa mai faɗi da shi. A Rasha da Yukiren kuwa abincin kowa da kowa ne, na soja, na ɗan makaranta, na majinyaci a asibiti, kamar dai yadda garau-garau yake a wurinmu. Kin ga ke nan ba wani abincin sarakuna ba ne da zai tsorata mai iya tuƙa tuwon mutum goma.

Ki duba kalarta kuma, don nan ne sirrin farko yake. In ruwan ƙasa ce, mai ƙamshi kamar soyayyiyar gyaɗa, to gasasshiya ce, kuma kusan duk wadda ake sayarwa a can irin ta ce. In kuwa fara ce mai ratsin kore-kore, ɗanya ce, ita ce mai yauƙi da saurin narkewa. Irin wannan sai kin soya ta a busasshen kasko, ba mai ba ruwa, kina juyawa kamar mai suyar riɗi, minti biyar zuwa bakwai har ta yi ja ta fara ƙamshi.

Na karanta yadda kika kwatanta girkinki uku, kuma kamar ina tsaye a bayanki. Na farkon, na tabbata kin yi mata dahuwar shinkafa: kin wanke ta sau uku, wataƙila ma kin bar ta ta jiƙu, kin cika ruwa, sannan kina buɗewa kina juyawa da ludayi. Girecka ba ta son ko ɗaya daga cikin waɗannan. Bayan an cire ɓawonta ba abin da ya rage yana kare ta, da ta sha ruwa fiye da ƙima sai ta fashe, in ludayi ya shiga kuwa ya ƙarasa ta. Na biyun tsoro ne ya dafa shi. Kin rage ruwa, amma kin bar wuta da ƙarfi, ruwan ya ƙone kafin turiri ya yi aikinsa. Ki ɗauke ta a matsayin 'yar uwar dambu da acca da burabusko: turiri ne ke dafa ta, ruwa kaɗan, wuta ƙasa-ƙasa, murfi a rufe, hannu a naɗe. Na ukun kuwa, ina da yaƙinin ƙwayar ta dahu daidai, abin da ya rasa shi ne albasa da maiƙo, kuma su ne rabin abincin.

Shi wannan haɗin da makaroni yana da sunansa, kasha varnishkes. Yahudawan gabashin Turai ne suka shahara da shi, su kuma suka tafi da shi Amurka lokacin da suka yi ta ƙaura can a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Da kitsen kaza suke yin sa, saboda addininsu ya hana su alade, ya kuma hana su haɗa nama da nono ko man shanu a abinci ɗaya. Wannan ya yi mana daidai, ba abin da za ki cire a ciki don ya halatta.

Ga abin da zai ishe ku ku biyu har a rage na baƙo. Girecka kofin shayi ɗaya. Ruwa ko romon kaza kofi biyu, kuma da kofin da kika auna ta za ki auna ruwan, kada ki yi awon ido a wannan karon. Ƙwai ɗaya. Albasa manya uku, irin jajayen nan da ake jibgewa a kasuwar Kawo. Makaroni ƙasa da rabin leda mai giram 500, wato kamar giram 200. Ainihin wanda ake sa wa shi ne mai siffar malam-buɗe-littafi, wanda Italiyawa ke kira farfalle, don 'yan ƙwayoyin suna maƙalewa a lungunansa. In ba ki same shi ba kada ki wahalar da kanki yawon shaguna, mai siffar kwanson dodon koɗi ko mai murɗe-murɗe ya wadatar. Doguwar taliya ce dai ba na so a nan, sai dai in za ki kakkarya ta ƙanana, don ƙwayar zamewa take yi ta taru a gindin kwano. Sai gishiri, masoro, da maiƙo cokali huɗu.

Da albasa za ki fara, don ita ce mai cin lokaci, kuma nan ne matanmu suka fi gazawa. Mun saba da albasa ta ɗan yi laushi a mai mu zuba kayan miya. A nan ita ce miyar. In kina da kazar gidan gona, ki yanke fatar da kitsen gindinta ƙanana-ƙanana, ki zuba a kasko da ruwa cokali biyu, ki sa wuta kaɗan. Ruwan zai ƙone, kitsen ya narke ya ba ki mai garai-garai, fatar kuma ta soyu ta yi ƙamas-ƙamas. Ki tsame fatar ki ajiye, a ƙarshe za ki barbaɗa ta a sama (in ba ki cinye ta a tsaye ba, ni dai ban taɓa kai ta ƙarshe ba). In babu kaza, man shanu na gaske wanda aka soya da albasa ya yi, ki ɗan sirka shi da man gyaɗa. Manja ne kawai ban yarda da shi ba, zai danne ƙamshin girecka gaba ɗaya.

Ki yanka albasar siri-siri, ki zuba a man nan da ɗan gishiri, ki rage wuta. Za ki ga ta cika kasko har ki ce ta yi yawa. Ki bar ta. Bayan minti goma ta faɗa ta zama rabi, ta yi fari sol, tana ruwa. Nan ne za ki ji kamar ki sauke, kada ki sauke. Ki ci gaba da juyawa jefi-jefi har minti 25 ko 30, sai ta koma kalar zuma, ta yi zaƙi, ƙamshinta ya fita har zauren maƙwabta. In ta fara kamawa ki yayyafa ruwa cokali ɗaya ki kankare gindin, wannan jan da ya manne a kasko shi ne daɗin. Amma ja da baƙi ba ɗaya ba ne, in ta yi baƙi ta yi ɗaci, sai sakewa.

Albasa na kan wuta, ki zuba girecka a faranti ki tsince ta kamar yadda kike tsintar wake, za ki ga 'yan baƙaƙen da ɓawonsu bai fita ba, wani lokaci har da tsakuwa. In ta leda ce mai tsabta ba sai kin wanke ba. In ranki bai kwanta ba, ki ɗauraye sau ɗaya cikin rariya da sauri, ki baza a tire ta sha iska, don jiƙaƙƙiya ba ta karɓar ƙwai. Ki fasa ƙwan a kwano ki kaɗa, ki zuba girecka ki cakuɗa har kowace ƙwaya ta shafu. Za ta yi dunƙule-dunƙule mara kyan gani, kada ki damu. Ki ɗora tukunya mai kaurin gindi, busasshiya, ki juye a ciki, kina juyawa kina farfasa dunƙulen da bayan cokali. Cikin minti uku ko huɗu ƙwan ya bushe a jikinta, ta ware ɗai-ɗai tana ƙara kamar tsakuwa a cikin tukunya. Rigar ƙwan nan ita ce za ta hana ta caɓewa, kamar dai yadda kike murza tsakin dambu da mai don ya yi wara-wara.

Romonki ya kasance yana tafasa a gefe, ba mai sanyi ba. Ki juye shi a kai gaba ɗaya, ki ja baya kaɗan don zai yi tsalle da tururi. Ki sa gishiri da masoro, ki juya sau ɗaya tak, ki rufe, ki mayar da wuta can ƙasa. In gas ne, ki kai shi inda ya kusa mutuwa. In gawayi ne, ki kwashe rabi. In murfinki ba ya kamawa sosai, ki shimfiɗa takardar foyil kafin ki ɗora shi. Ki duba agogo, minti 12 zuwa 15, ba buɗewa, ba leƙe. Bayan nan ki buɗe, ki karkata tukunyar: in ba ruwa a gindi, saman kuma ya yi 'yan ramuka, ta yi. Ki kashe wuta ki mayar da murfi, ki bar ta ta huta minti goma. Mutanen can har lulluɓe tukunyar suke yi da tawul ko bargo. Sannan ki ware ta da cokali mai yatsu, ba da ludayi ba.

Makaroni ba sai na koya miki ba. Ruwa mai yawa, gishiri, ki tsame shi da ɗan sauran ƙarfinsa, kada ki ɗauraye da ruwan sanyi, ki kuma ajiye rabin kofi na ruwan dahuwar.

Sai haɗi. Ki juye makaroni a cikin kaskon albasa ya sha mai, ki kawo girecka ki zuba, ki juya a hankali a kan wuta minti biyu. In kin ga ya bushe, ki yayyafa ruwan makaronin nan, ki ƙara maiƙo. Rashawa suna da karin magana cewa man shanu ba ya ɓata kasha, wato dafaffen hatsi irin su girecka, kuma gaskiyarsu, abincin nan in ya bushe kamar cin yashi ne. Ki ɗanɗana gishiri, yana shan gishiri fiye da yadda za ki zata.

A kwanon maigida ki tsaya nan, kada ki sa attaruhu, kada ki sa kori, don mutanen can ba su da yaji a girki, kuma abin da harshensa ke nema ke nan. A naki kwanon kuwa ki barbaɗa yajin ƙuli ko na tafarnuwa ki ci abinki. Ni a ganina da yaji ya fi daɗi nesa ba kusa ba, amma ni ba a Karkif na yi karatu ba.

Kada ki fara da dukan ledar. Ranar da ya fita aiki, ki gwada da rabin kofi da ruwa kofi ɗaya, ke kaɗai, ba mai kallo, ki gane halin tukunyarki da wutarki. Sauran ki juye a kwalba ko roba mai murfi ki ajiye inda ba zafi, don zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu yana sa ta yi warin tsohon mai, ƙwari ma suna son ta. Abu biyu kuma da ya kamata ki sani. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar girecka, takan sa musu ƙaiƙayi da kumburin leɓe ko fuska, wani lokaci har da sarƙewar numfashi, don haka duk wanda bai taɓa ci ba ya fara da kaɗan, in an ga alama a nufi asibiti. Sannan in kin ji ana cewa ta dace da wanda alkama ke wahalarwa, gaskiya ne a kan ita kaɗai, amma da kin haɗa ta da makaroni zancen ya tashi, don makaroni alkama ce.

In leda ta ƙare fa? Ni dai duk yawon da nake yi a kasuwar Gumi da Kasuwar Barci ban taɓa ganin ta a mudu ba, kuma ba zan ba ki shawarar ki riƙa zubar da kuɗin cefane wajen odar ta daga nesa ba. Dashishin alkama da aka soya a busasshen kasko yana bayar da ƙamshi mai kama da nata, sai dai yana son ruwa da lokaci fiye da ita. Accarmu ta kudancin Kaduna ma tana shiga da makaroni da albasar nan ƙwarai, in kin turara ta ta yi washar. Ba za su zama girecka ba, kada ma ki ce masa ita ce.

To, mu dawo kan maigida. Abin da ya yi bai kyauta ba, kuma kada ki haɗiye shi ki bar shi ya zama tsatsa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Mijinki ya aibata, a gaban mutum na uku, a kan abincin da ko kakarki ba ta taɓa gani ba. Ki same shi ku biyu, ba lokacin cin abinci ba, ba kuma da kuka ba, ki ce masa: "Na yi ƙoƙari don in faranta maka, maganar da ka yi a gaban ƙanwarka ta yi mini ciwo." Ki tsaya nan, kada ki jawo zancen surukai ko tsohuwa. Yawancin maza ba su san sun yi ɓarna ba sai an nuna musu wurin da yatsa. Ƙanwar kuwa abokiyar wasa ce, kada ki ba ta matsayin da ba ta kai ba. Ranar da girkin ya yi kyau ki zuba a kula ki aika gidan surukan da hannunta.

Ga kuma wani abu da na lura ba ki yi tunaninsa ba. Ɗalibin da ya yi shekaru a Yukiren, da kuɗin makaranta da na haya a wuyansa, ga sanyin da ruwa ke ƙanƙara a waje, kina tsammanin kullum tsohuwa ce ke dafa masa? Wallahi mijinki ya iya dafa girecka. Ya dafa ta a ƙaramar tukunya cikin dare ya fi a ƙirga, ya zo nan ne ya naɗe hannu ya zama alƙalin gasa. Saboda haka ranar Asabar ki ce masa, cikin raha, "Malam, matambayi ba ya ɓata, zo ka nuna mini yadda babushka take yi." Ki ba shi wuƙa da albasa uku. Ki tambaye shi ko tana sa karas, ko naman kaza, wato laimar kwaɗi irin ta daji da mutanen can ke so, ko wani ɗanyen ganye mai ƙamshi a sama, ko kuwa da kindirmonsu mai kauri take kawo masa, don kowace tsohuwa da hannunta, kuma ba mamaki abin da ya rasa a cokali biyun nan ɗaya ne daga cikin waɗannan. In ya fara ba ki labarin gidan, da ɗakin, da ranar da suka fito, ki rage wuta ki saurara, albasar ma minti 30 take so.

Ki rubuto mini ki faɗa mini kalar ƙwayar da ke cikin ledar, da kuma wanda ya fara hawaye a wurin yankan albasa.